Ganga Ɗaya, Ofisoshi Barkatai: Yadda Aikin Lafiya Ke Tsallake Unguwannin Gefe a Biranen Sudan

Wanda ke son ya gane dalilin da ya sa kwalara ke tsallake wata unguwa ta yada zango a wata, alhali gari ɗaya ne, to ya bi bayan karon jakin da ke sayar da ruwa. Inda karon ya fi ciniki, nan cuta ta fi samun wurin zama. Haka abin yake a kudancin Khartum, wajen Mayo da kewayenta, haka yake a gefen Omdurman, da bayan garin Gadarif, da Kasala, da Port Sudan wadda ƙishinta ya girmi yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 nesa ba kusa ba. A irin waɗannan unguwanni ne Hausawa da yawa suke zaune, kafaɗa da kafaɗa da talakawan da suka fito daga Darfur da Kurdufan.

Gidan da ba famfo dole ya ajiye ruwa. A sauke shi daga karo, a juye a ganga ko randa ko jarka, ya kwana biyu, ya kwana uku. Kafin ya kai baki ya bi ta hannu da yawa: tiyon da aka ɗura shi da shi, tankin karon da ba kullum ake wankewa ba, modar da yara ke tsomawa da hannun da suka ga dama. Ta ko'ina ƙwayar kwalara na iya shiga. Gangar nan kuma, in an bar ta a buɗe, a ciki sauron zazzaɓin dengi yake ƙyanƙyasa, domin shi ba ruwansa da kwata, ruwa mai kyau da ke zaune a tsakar gida yake so, kuma da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe. Tun 2016 aka kuma gano wani sauron maleriya ɗan asalin Asiya a Sudan, wanda masana ke kira Anopheles stephensi, shi ma a tankuna da gangunan birni yake hayayyafa. Cuta uku ke nan daga mazubi ɗaya. Amma a takarda kowace na da ofishinta, da kuɗinta, da motarta, da ranar da za ta leƙo unguwa. Shi kansa ruwan ba a hannun ma'aikatar lafiya yake ba, na hukumar ruwa ne, ita kuma idonta na kan hukumar lantarki.

An ga ƙarshen wannan sarƙa a watan Mayun 2025. Jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin lantarki a jihar Khartum, wuta ta ɗauke, injinan tace ruwa suka tsaya, jama'a suka koma ɗiba daga kogi da rijiyoyin da ba a tabbatar da su ba. Cikin mako ɗaya ma'aikatar lafiya ta sanar da kamuwar mutum kusan 2,700 da mutuwar 172, mafi yawansu a jihar Khartum. Ba likitan da zai iya gyara taransifoma, amma likita ne aka kai wa masu amai da gudawa a kan tabarma.

Abin da nake son in kafa a wannan sharhi shi ne: haɗa kan shirye-shiryen lafiya da ake ta magana a kai ana yin sa ne a sama, tsakanin manyan ofisoshi, alhali wurin da shirye-shiryen ke karo da juna, ko su bar rami a tsakaninsu, shi ne ƙofar gida. Muddin ba a sauko da haɗin kan nan zuwa matakin unguwa ba, ƙarin kuɗi ma zai iya faɗaɗa tazarar da ke tsakanin mai hali da marar hali, domin kowane sabon shiri hanyar da ya tarar a share yake bi.

Sai mu fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: waye aka ƙirga? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan an yi ta ne a 2008. A kanta ake ɗora lissafin yawan allurar da za a aika, da yawan gidan sauro, da inda ya kamata a gina cibiyar lafiya. Unguwar da aka zana a taswira, mai layuka da lambar gida, tana cikin lissafi. Wadda ta tsiro a bayan gari ba tare da izini ba, wadda hukuma ke kallo a matsayin zaman wucin gadi ko da an haifi jikoki a cikinta, sau da yawa ba ta ciki, ko kuma an rubuta mata rabin mutanenta. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu, ya hautsina ɗan lissafin da ya rage. Gadarif da Kasala da Port Sudan suka cika maƙil, makarantu suka zama masauki, gidan da ke da mutum bakwai ya koma na ashirin.

Ga Bahaushe akwai ƙarin wani tarnaƙi. Mutanenmu sun haura shekara ɗari a wannan ƙasa. Wasu hanyar aikin Hajji ta kawo kakanninsu, wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wasu kuma gonakin audugar Jazira suka riƙe su. Duk da haka, har yau akwai gidajen da neman lambar ɗan ƙasa ke zame musu doguwar tafiya, a ce a kawo shaidar kaka da kakan kaka. Wanda ba shi da takarda kuwa, shiga inshorar lafiya na yi masa wuya, yin rajistar haihuwa na yi masa wuya, kuma yakan koyi nesanta kansa da duk ofishin da ke tambayar suna. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya kori dubban Hausawa daga yankin Damazin da Rusairis, ya ƙara zurfafa wannan ɗari-ɗari. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu a lokacin, yaƙi ya sake tashinsu daga inda suka fake.

Ba wai kafin yaƙi komai na tafiya daidai ba. Tsarin lafiya a Sudan hawa uku ne: tarayya, jiha, da mahalliya, wato ƙaramar hukuma. Kula da lafiya a matakin farko ya rataya ne a wuyan hawa na ƙasa, wanda shi ne mafi ƙarancin kuɗi. Ƙwararrun likitoci da manyan asibitoci sun taru a tsakiyar Khartum, fiye da rabin abin da ake kashewa a kan lafiya kuma daga aljihun majiyyaci yake fita. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka fara a Sinnar a 1995, da ma'aikatan gwamnati ta soma, daga baya aka riƙa shigar da iyalai matalauta ta hanyar kuɗin zakka da tallafin gwamnati. Mai tura baro a kasuwa, da mai sayar da shayi a bakin titi, da mai wankau, su ne na ƙarshe a layi. Yaƙi ya zo ya tarar da wannan, ya rushe tsakiyar da komai ya dogara a kanta. Manyan rumbunan magani na ƙasa a Khartum suke, babban ɗakin gwaje-gwaje ma can yake, ma'aikatu suka kwashe zuwa Port Sudan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wuraren jinya a yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Yaran da ke samun allurar farko ta rigakafin maƙarau da tarin lala da sandarewar jiki sun sauko daga kashi 94 cikin ɗari a 2022 zuwa 48 a 2024.

To, ta yaya taimako ke shigowa unguwa a irin wannan hali? Ɗauki gida guda a gefen gari cikin damina. Ranar Asabar wasu matasa masu riguna masu tambari su yi sallama, su bar ƙwayar kulorin, su ce a riƙa jefawa a ruwa a rufe. Kwana kaɗan wasu su zo da wata rigar daban, su leƙa cikin ganga, su ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil.

"Inna, ai wannan ruwan sai an zubar, a goge gangar tas."

"Ɗana, ruwan da na saya da kuɗin cefane ne zan malalar a ƙasa? In na zubar, kai za ka kawo mini wani?"

Ya yi shiru, domin ba a aiko shi da ruwa ba, ba a kuma aiko shi da murfi ba, takarda aka ba shi ya cike. Mako na gaba masu awon tamowa su zo, su naɗa tef a damtsen ƙaramin yaro, su ce a kai shi cibiyar da ke raba abincin tamowa ranar kaza. Masu rigakafi su biyo baya, su ɗiga maganin kwalara a baki. Kowa ya rubuta sunan gidan a littafinsa. A ɗakin ƙurya kuwa akwai tsoho mai ciwon suga da ya yi watanni bai ga maganinsa ba, da amarya mai tsohon ciki da ba a taɓa auna mata jini ba, amma ba wanda ya tambaya, domin ba sa cikin takardar kowa. Layi biyu daga nan, inda mota ba ta iya shiga saboda taɓo, ko ɗaya daga cikin ayarin nan bai taɓa zuwa ba.

Ba mugunta ce ke jawo haka ba, yadda kuɗin ke zuwa ne. Mai ba da tallafi yana ware kuɗi don cuta ɗaya, na wata shida ko shekara, yana kuma son a dawo masa da lamba: gida nawa aka shiga, yaro nawa aka yi wa allura. Ma'aikacin da aka ce ya shiga gida ɗari a rana, ina dalilin da zai sa ya ɓata rabin yini yana ratsa taɓo don gida goma? Zai cika lambarsa a bakin kwalta, rahoto ya yi kyau, jimillar jiha ta hau. Ta haka ake samun shirin da ya yi nasara a takarda, amma ya bar marasa galihu daidai inda ya same su.

Akwai zaman haɗin gwiwa, ba a ce babu ba. Ma'aikatar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya na jagorantar taron ƙungiyoyin da ke aikin lafiya, UNICEF na jagorantar na ruwa da tsabta da na abinci mai gina jiki, kuma a jihohi ma ana irin wannan zama. Yana da amfani: da shi ake raba jihohi da mahalliyoyi tsakanin ƙungiyoyi, da shi ake neman maganin rigakafin kwalara daga rumbun duniya, wanda ƙarancinsa ya sa tun 2022 aka koma ba da zubi ɗaya maimakon biyu. Da irin wannan haɗin kai ne Sudan ta fara rigakafin maleriya a Gadarif da Shuɗin Nilu a Nuwamban 2024, ana tsakiyar yaƙi. Sai dai idon wannan zama bai cika wuce mahalliya ba. In an sa alamar cewa ƙungiya kaza na aiki a mahalliya kaza, an rufe babin, alhali a cikin mahalliya ɗaya akwai unguwar da ke da kantin magani a kowace kwana da wadda sai an yi tafiyar awa guda kafin a ga ma'aikacin jinya.

Waɗanda suka nuna cewa ana iya yin abin ta wata hanya su ne matasan ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda suka tsiro daga kwamitocin unguwanni na zamanin juyin 2019 da ya kifar da gwamnatin Omar al-Bashir, da kuma tsohuwar al'adar gayya da Sudanawa ke kira nafir. Ba su raba aiki bisa sunan cuta ba. Mutanen da ke dafa abinci a takiyya, wato wurin girkin abincin sadaka na unguwa, su ne ke neman mai gyaran famfon rijiya, su ne ke buɗe ɗakin jinya a makaranta ko masallaci, su ne ke nemo raksha, wato babur mai ƙafa uku, da tsakar dare don mai naƙuda, su ne ke binne gawa. Duk wanda ya tsaya kusa da takiyya da hantsi ya san yadda take: tukunyar adas (wani ɗan ƙaramin wake) ko wake a kan itace, kwanoni da bokitai an jera su a ƙasa suna riƙe wa masu su layi, mai rabo kuma ta san kwanon kowane gida. Ran da wani kwano bai zo ba, sai ta tura yaro ya dubo. Sau da yawa ta haka ake gane cewa amai da gudawa ya shiga wani gida, tun kafin labari ya kai kowace cibiya. A cutar da ke iya kashe mutum cikin sa'o'i, amma in an samu ruwan gishiri da suga da ƙarin ruwa a kan lokaci ba ta kashe ko ɗaya cikin ɗari, wannan saurin ji shi ne rai.

Duniya ta yaba musu, har da lambar yabo ta Right Livelihood a 2025, kuma sun cancanta, don an kama wasunsu, an kashe wasu, kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan aiki. Amma yabo kada ya rufe mana ido. Ɗakunan nan sun fi ƙarfi ne a inda unguwa ke da 'ya'ya a Saudiyya da Daular Larabawa da Ingila masu turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta wayar hannu, da masu ilimin rubuta takardar neman tallafi da Turanci, da likita ɗan unguwa da za a kira a waya. Unguwar leburori da 'yan ga-ruwa ba ta da irin waɗannan 'ya'ya da yawa. Wato ko taimakon kai da kai ma yakan gaji bambancin da ya tarar. Ga kuma rauni na biyu: da aka katse sadarwa a Fabrairun 2024, kuɗi ya daina shigowa, tukwane da yawa suka sauka, haka kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, takiyyoyi masu yawan gaske suka rufe cikin makonni. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma ba adalci ba ne a ɗora lafiyar birni kacokan a kan matasan da su ma da yunwa suke kwana.

Haɗin kai na matakin unguwa, a ganina, yana farawa ne da mutum ɗaya ko biyu da aka sani, ake biyansu albashi, aka ɗora musu gidaje ƙididdigaggu, kuma duk shirin da zai shigo ta hannunsu zai bi. Ba sabon abu ba ne. Maƙwabciyarmu Habasha ta gina irin wannan tun 2003, da mata biyu ma'aikatan lafiya a kowace gunduma, kuma Sudan kanta tana da tsohuwar gogewa, tun daga makarantar ungozoma ta Omdurman da aka buɗe a 1921 har zuwa koyar da likitanci a cikin jama'a da Jami'ar Jazira ta shahara da shi. Maganar albashi ce ake yawan zillewa. Kowace ƙungiya na ba da ɗan alawus na kwanakin kamfe, wata ta fi wata, sai ƙwararrun matasa su riƙa tsalle daga wannan riga zuwa waccan, cibiyar gwamnati kuma ta zauna ba kowa. Da za a tara kuɗin alawus ɗin nan wuri ɗaya, da an riƙe mutum shekara cur.

Sannan a faɗaɗa ma'anar ma'aikacin lafiya. Mai cika karo a bakin rijiya, in shi aka ba kulorin aka koya masa awo, ya tsabtace ruwan ɗaruruwan gidaje a wuri guda, abin da ya fi bin gida-gida da ƙwaya sauƙi da tabbas. Mai kantin magani shi ne likitan farko na yawancin talakawa, in bai san cewa mai zazzaɓin dengi ba a ba shi asfirin ko ibuprofen saboda haɗarin zubar jini ba, to duk wayar da kan da aka yi a rediyo ta tashi a banza. Ungozoma na shiga ɗakin da namiji mai rigar ƙungiya ba zai taɓa shiga ba. Malamin tsangaya na da yara da yawa da ke kwana wuri ɗaya, suna sha a randa ɗaya, iyayensu kuma na nesa, don haka ba sa cikin lissafin kowane gida lokacin rigakafi. Su waɗannan mutane ba a gayyatarsu taro sai ranar da ake son su tara jama'a. Batun harshe ma yana nan: matasanmu Larabci ya zauna a bakinsu, amma tsofaffin mata da dama sai da Hausa suke iya bayyana inda ke musu ciwo, kuma su ne ke yanke shawarar ko a kai jika asibiti ko a jiƙa masa saiwa.

Akwai wani haɗari da masu tsara shiri daga nesa ba su cika hangowa ba. Duk abin da na faɗa yana buƙatar jerin gidaje, jerin suna kuwa a lokacin yaƙi makami ne. Bayan abin da ya sami mazauna kanabi, wato matsugunan leburorin gona, a Jazira a Janairun 2025, inda aka far wa talakawa manoma bisa zargin goyon bayan wani ɓangare, ba wanda zai zargi Bahaushe ko ɗan Darfur in ya ƙi faɗin asalinsa ga mai littafi. Saboda haka littafin lafiya ya zauna a hannun 'yan unguwa da cibiyarsu, kada a tambayi ƙabila, kada a sa lambar ɗan ƙasa ta zama sharaɗin allura ko awon ciki, abin da zai hau sama kuma ya zama adadi ne kawai ba sunaye ba. Duk shirin da ya kasa ba da wannan tabbaci, mutanen da ya fi kamata ya samu su ne za su fara rufe masa ƙofa.

Adadin kuma a fitar da shi unguwa-unguwa. Jimillar jiha na ɓoye abubuwa da yawa, za a iya cewa rigakafi ya kai kashi mai kyau a jiha, alhali wasu layukan ba a taɓa ɗigon komai ba. Na san ba kowane jami'i ne zai so wannan ba, don lambar unguwa tana nuna yatsa, tana kuma tilasta a yarda cewa unguwar da aka ce ba ta nan tana nan. Tana kuma kai mu ga rabon da ba a so a ji: a ba wadda ta fi buƙata kaso mafi girma, ko da masu baki a cikin gari za su yi ƙorafi.

Tun da soja ya ƙwace Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a watan Maris daga hannun RSF, jama'a na ta komawa, ana kuma maganar gyara asibitoci da cibiyoyin da aka fasa. Gyaran wajibi ne. Amma kuɗin gyara abin da yake a da yake bi: inda aka taɓa yin asibiti nan za a sa sabon rufi, inda aka taɓa shimfiɗa bututu nan za a toshe ɓaraka. Unguwar da ba a taɓa gina mata cibiya ba, ba ta da bangon da za a ɗauki hotonsa a saka cikin jerin ɓarnar yaƙi, don haka sunanta ba zai fito a kasafin gyara ba sai in wani ya tsaya ya rubuta shi da gangan. A yanzu da ake haɗa waɗannan jerin a ofisoshin jiha da na mahalliya ne ya kamata masu unguwanni da limamai da matasan takiyya su je su zauna a ɗakin, su nemi a nuna musu takardar kafin a sa mata hannu.